Zuwa ga Yaya, daga Akra

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, da Inna da yara da duk mutanen gida. Ni lafiya lau, sai godiyar Allah.

Saƙon muryar da Gwaggo ta turo ne ya sa na rubuto. Wai an ga hotona a bakin teku, na samu duniya ina yawon shan iska, ɗakin Inna kuwa yana yoyo. Wallahi abin ya ƙona mini rai. Wanda ya yaɗa hoton ai bai ga buhunan da na sauke kafin a ɗauke shi ba.

Maigida ne ya samu masu saye a Mankesim da Cape Coast, ya ce in bi motar albasa. Mun yi lodi a Adjen Kotoku, inda aka mai da kasuwarmu tun 2021, muka kama hanya da asuba, amma cunkoson Kasoa sai da ya riƙe mu har rana ta ɗaga. Tafiyar wajen kilomita 150 ce. Ana wuce Anomabo sai ga ruwa ta hannun hagu, ba ka ganin ƙarshensa, ga itatuwan kwakwa a jere.

Direbanmu Bafante ne, ya tsaya a Biriwa don ya gai da danginsa. Ƙauyen masunta ne. Yaya, kwale-kwalensu ɗaya ya fi zaurenmu tsawo, kuma gindinsa daga itace guda aka sassaƙa shi, an yi masa fenti da tutoci. Na tarar da maza da yara sun yi layi suna jan igiyar taru suna waƙa, mata na jira da manyan robobi. Kifin da ya fito nan take ake jera shi a kan ragar waya bisa murhun ƙasa, hayaƙi har cikin ido. Ran Talata ba sa shiga teku, al'adarsu ce. Uwar direban ta ba mu dokunu, wato tuwon masararsu, naɗe a ganyen ayaba da soyayyen kifi da barkono, ko sisi ba ta karɓa ba. A nan aka ɗauki hoton. Rigar ma ta aro ce, tawa duk warin albasa.

Da muka gama saukewa ya kai ni Elmina. Nan kam na biya kuɗin shiga da kaina, kowa ya sani. Wani ƙaton gini ne fari a bakin ruwa, Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, daga baya ya koma hannun Ingila a 1872. An shiga da mu ɗakunan ƙasa inda ake tara bayi, babu iska, da wata 'yar ƙofa da mutum ɗaya kawai ke iya ratsawa zuwa jirgi. Da yawansu daga arewa aka gangaro da su ta Salaga, garin da fatakenmu ke zuwa sarin goro a zamanin da. Na fito jikina a sanyaye, har muka dawo ban yi wata hira ba.

Na turo jaka 60 ta hannun mutumin da ka sani. Jaka 40 na kwanon ɗakin Inna ne, a buga shi kafin ruwan fari. Jaka 15 a sayi gero, sauran 5 na iyalina. Kada a taɓa na kwanon, ko wa ya zo da kukansa.

Auta kuma na ji yana maganar sai da tumakin Inna ya tafi haƙar zinariya. Ka ja masa kunne. In aiki yake so, albasar Galmi na sauka nan kullum, ana neman masu ɗauka. Sai dai ya sani a rumfa muke kwana. Bayana ya ɗan matsa mini kwanakin baya, na sha magani ya lafa, kada ka faɗa wa Inna.

Ka karanta wa Gwaggo wannan a gaban Inna. In an buga kwanon ka turo mini hotonsa, jaka 40 ɗin nan na kwano ne kawai. Zan kira ran Juma'a bayan sallah, ka sa wayar a caji.

A gai da Kawu da Liman.

Ƙanenka.