Zuwa ga ɗiyata, kan aikinki na silikon

Assalamu alaikum ɗiyata, ya karatu? Mamanki ta ce kin fara ƙorafi wai kin gaji da tsintar ƙwayoyin dutse a ƙarƙashin maikuroskop, gashi lambobin da injin auna ire-iren silikon ke ba ki kusan duk ɗaya ne. To saurara ki ji.

Ai dama haka silikon yake, sinadarin nan da ke cikin yashi da duwatsu, iri uku ne a dutse masu bambancin nauyi, su ake ce wa aisotop. Kusan kashi 92 cikin ɗari silikon-28 ne, 29 bai kai kashi 5 ba, 30 kuma kashi 3 da ɗan wani abu, sannan dutsen da ya daskare daga narkakken dutse cikin tsananin zafi ya samu, shi yasa aisotop ɗin ba sa rabuwa sosai, tsakanin olibin da felsfa, ma'adinai biyu da ake samu a dutse, bambancin ko kashi ɗaya cikin dubu bai kai ba. Amma fa ɗan wannan bambancin shi ne aikin naki gaba ɗaya. Olibin ya fi ɗaukar silikon marar nauyi, wato 28, felsfa kuwa inda silikon da oksijin suka sarƙe ta kowane ɓangare ya fi riƙe mai nauyi, wato 30. An gani a duwatsun Skaergaard na Girinlan, a dutsen Hekla mai aman wuta na Aislan ma an ga silikon-30 na ƙaruwa yayin da silika, wato haɗin silikon da oksijin, ke ƙaruwa a dutse, tun daga basal mai ƙarancin silika har rayolait mai yawan silika.

Abin da nake ji miki tsoro shi ne gaggawa. Giranit ɗin Jos da na Ririwai da kike aiki a kai, dan Allah kar ki ɗauki ɓawon da ruwa da rana suka ci, ki sa guduma ki fasa har sai kin ga cikin yana ƙyalli, felsfa ɗin da ya fara komawa fari yana murmushewa a yatsa ya zama yumɓu, shi kuma yumɓu, silikon marar nauyi yake kwasa, kaɗan ya shiga samfurinki wallahi ya ɓata lissafin. Kwalbar gilashi ma ki guje ta, ai ita kanta silika ce, roba za ki riƙa amfani da ita. Kuma ki riƙa auna NBS 28, yashin nan na ma'auni da ake gwada sakamako da shi, kafin kowane samfur da bayansa ko da dare ya yi.

In wata lamba ta fito ba yadda kike so ba, kar ki goge ta, ki sake aunawa ki nuna wa malaminki duka biyun.

Ki turo min sakamakon Ririwai ta WhatsApp in ya fito, ina son gani. Allah ya yi miki albarka.

Babanki