Kada Sakamakon BECE Ya Zama Ma'aunin Ƙauna

Malam Edita,

Ka ba mu fili mu yi magana da iyaye Kirista na unguwannin Nima, Maamobi da Sabon Zongo a Accra. Duk shekara in sakamakon BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare a Ghana, ya fito, yaron da ya samu jimillar maki 6 ko 8 (a BECE ƙaramin maki ne ya fi kyau) a yanka masa kaza, wanda ya samu 35 kuwa uba ya daina amsa gaisuwarsa. Nan ne ɓarnar take: yaro ya ɗauka ƙauna lada ce, sai ya fara ɓoye takardunsa, daga nan ya koma kwana wajen abokai.

A Luka 15:20, cikin misalin ɗan da ya bar gida ya ɓarnatar da gadonsa, uban ya hango ɗansa tun daga nesa, ya ruga ya rungume shi kafin yaron ya furta kalmar tuba. Kolosiyawa 3:21 kuma ta hana ubanni matsa wa 'ya'ya, don kada su karaya.

Shawararmu: ranar sakamako a ci abinci tare, a yi addu'a, a bar maganar maki sai bayan kwana 2. Sannan uba da uwa su zauna da yaron a ɗaki, ban da ƙanne, ban da maƙwabtan gidan haya. A tsawata kan wasa da karatu, amma kada a ce "kai ba ɗana ba ne", wannan kalma ba ta gogewa. Yaron yana iya sake rubuta BECE. In ɗinki ko kanikanci yake so, Dokar Yara ta Ghana ta 1998 ta yarda ya fara koyon sana'a daga shekara 15.

Malaman makarantar Lahadi,
Sabon Zongo, Accra