A Daina Yanka Fuloti a Cikin Fadama

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan yadda ake tsara ƙauyuka. Ni safiyo ne, aikina awon filaye, kuma babu abin da ke damuna kamar yadda ake cike fadama da ƙasa a yanka ta fuloti-fuloti. Fadama ce ke shanye ruwan sama, ta sake shi sannu a hankali. In an toshe ta, ina ruwan zai nufa in ba gidajen mutane ba? Ga masu haƙar yashi suna cinye gaɓar rafi, ga bishiyoyin da saiwoyinsu ke riƙe ƙasa an sare su an yi gawayi. Sai zaizaya ta biyo baya.

Tun 1971 aka ƙulla yarjejeniyar Ramsar a Iran don kare wurare masu dausayi, amma har yau a taswirar ƙauye kallon filin banza ake yi musu. Wallahi abin yana ɓata mini rai.

Kafin a zana hanya ko makaranta, a tambayi dattawa iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa, a bar wurin ga ciyawa da itatuwa. Kwalbati kuma a yi shi da faɗi, a riƙa yashe shi kafin damina.

Naka,
Wani mai awon filaye