Gaisuwar Sallah Daga Bairut

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanmu da shan ruwa, barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Tun da asuba hankalina yake Tudun Wada, domin na san Inna tana gaban tanda, auta kuma tana tsugune da kwanonta tana jiran wainar farko.

Na yi idi a Masallacin Muhammad al-Amin, mai shuɗiyar ƙubba, wanda yake kafaɗa da kafaɗa da babbar majami'ar Kiristoci Maroniyawa a tsakiyar Bairut. Wasu maƙwabtana 'yan Shi'a sai gobe za su yi tasu Sallar, saboda kowane ɓangare da hukumar da ke sanar masa da ganin wata, amma duk da haka sun tare ni a hanya da barka da Sallah. Da na dawo, dattijuwar da nake haya a gidanta, Kirista ce, ta hauro da faranti cike da ma'amul, wani abin gashi ne da ake cusa wa dabino, ta ce shi take yi ranar Ista, kuma shi Musulmi suke yi ranar idi. Na karɓa na yi godiya, sai hawaye suka zo mini, domin na tuna kwanon waina da miyar taushe da Inna take ɗora mini a kai in kai wa maƙwabciyarmu, wadda ita ma take aiko mana da shinkafa da kaji ranar Kirsimeti, kafin rikicin Kaduna na shekarar 2000 ya sa su ƙaura zuwa hayin kogi. Shinkafa tana nan a kasuwa, amma babu tanda, babu daddawa, babu hannun Inna. Na gwada a kaskon suya, abin da ya fito bai cancanci sunan waina ba.

Baba, kun san Kwarori tun zamanin da kuke sarin atamfa a Kantin Kwari, amma ƙasarsu Lebanon sai wanda ya zauna. Ɓangarorin addini 18 doka ta amince da su, kuma rabon da a ƙidaya jama'a tun 1932, don kada a san wanda ya fi wani yawa. Bisa yarjejeniyar 1943, shugaban ƙasa Bamarone ne, firaminista ɗan Sunni, kakakin majalisa ɗan Shi'a. Wannan rabo bai hana yaƙin basasa ba, wanda aka fara a 1975 aka gama a 1990, ya ci rayuka fiye da 100,000. A lokacin an raba birnin nan gida biyu, gabas da yamma, kuma a shingen hanya akan duba katin shaidar mutum a kashe shi saboda addinin da aka rubuta a ciki. Yarjejeniyar Ɗa'ifa ta 1989 ce ta raba kujerun majalisa daidai tsakanin Musulmi da Kirista. A ganina ta kashe wutar, amma ta bar kowa yana neman aiki da kariya ta hannun shugaban ɓangarensa, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Dattijuwar ba ta kiran yaƙin basasar da sunan yaƙi, sai dai ta ce "abubuwan da suka faru". Ita ce ta ba ni labarin 1860, lokacin da faɗan Duruzawa, wani ɓangaren addini na ƙasar nan, da Maroniyawa ya tashi a tsaunukan Lebanon ya kai Dimashƙa, inda Amir Abdulƙadir na Aljeriya, malami kuma mayaƙi, ya buɗe gidansa ya ɓoye ɗimbin Kiristoci. Tun 2010 kuma ranar 25 ga Maris hutu ce ta ƙasa, wadda Musulmi da Kirista suke girmama Nana Maryam tare.

A gaishe mini da Gwaggo, wadda har yanzu nake jin ƙanshin turarenta a rigar da ta ɗinka mini, ita na saka yau, a ce mata ban fasa azkar ɗin da ta koya mini ba, kuma kada ta tsaya wanke-wanke da ciwon ƙafar nan. A gaishe da Kawu da iyalinsa, da Yaya da amaryarsa, da Malam na makarantar allo. Auta kuwa goron Sallarta yana hanya, ta yi mini alƙawarin hoton lallenta.

Inna, ina da roƙo ɗaya. Idan har ana iya samun gidan maƙwabciyarmu ta dā a hayin kogi, a zuba waina a kwanon nan mai murfi a kai mata, a ce daga yaron da yake kawowa ne.

Ɗanku mai kewarku,
daga Bairut.