Hunturu a gidan manomi: a fara da maganar wuta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan lokacin hunturu kamar yadda yake zuwa wa mutanen karkara a jihar Kaduna. Na lura cewa duk shekara, da zarar Disamba ta kama, labarin sanyi da ake bugawa ko ake karantawa a rediyo bai wuce na hazon da ya hana jiragen sama sauka ba, sai kuma shawarar a sa takunkumi, a rufe tagogi, a riƙa shafa mai. Waɗannan shawarwari ba su da laifi, amma an ɗinka su ne daidai jikin mutumin birni. Manomi a Soba ko Kubau ko Giwa yana da wata damuwa da ta sha gaban kaushi da faso, kuma ban cika ganin an taɓo ta ba.

Iskar hunturu tana busowa ne daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, kuma mai yawa daga cikin ƙurar da take ɗauko wa tana tasowa daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. Tana fara shigowa wajen ƙarshen Nuwamba, ta yi ƙarfi a Disamba da Janairu, ta fara sassautawa a Fabrairu. Abin da ya fi shafar gidan manomi a cikinta shi ne bushewa: ciyawa da kara da itace da jinkar ɗaki duk sai su zama kamas, ba sauran danshi ko kaɗan a jikinsu.

Yinin irin wannan gida yana farawa tun kafin kiran asuba. Uwargida ce ke fara fita tsakar gida ta hura wuta, ta ɗora ruwan alwala saboda na randa ba ya taɓuwa, sannan ta ɗora ɗumamen tuwo ko ta dama koko. Yara kan fito lulluɓe da zannuwan iyayensu su kewaye murhu, tsofaffi kuma su nemi jikin katangar da rana ke fara dukawa. Mutanen birni suna ɗauka cewa tunda an gama girbi manomi hutu yake yi, alhali wannan ne lokacin sussuka da shiƙa da ɗaukar amfanin gona zuwa gida, lokacin buga tubali da gyaran katangar da damina ta zubar, da saƙar zana da sabunta jinka da kafa darni. Masu fadama a bakin kogin Galma da sauran rafuka suna fita da sassafe su shiga ruwa mai sanyi don ban-ruwan tumatir da albasa da attarugu, mutanen Maƙarfi suna fama da saran rake, matasa da yawa kuma sun tafi cin rani Kaduna ko Abuja ko Legas. Wannan tafiya tasu tana da nata tasirin a kan abin da zan faɗa, domin a watannin da gida ya fi buƙatar masu ƙarfi, mata da yara da dattawa ne suka fi yawa a cikinsa.

To, a dubi yadda dukiyar shekara take a ajiye a wannan lokaci. Rumbun dawa da na masara suna tsakar gida ko bayan ɗaki, da hular ciyawa a kansu. Dammunan da ba a kai ga sussukewa ba suna jibge a gefe. Harawar wake da ta gyaɗa, wadda ita ce abincin awaki da tumaki har zuwa saukar damina, tana kan rufin ɗaki ko a reshen bishiya. Karan da za a yi girki da shinge da shi yana jingine da katanga. Dukan waɗannan suna tsakanin 'yan taku kaɗan daga murhun da ake hurawa safe da yamma, da wutar jin ɗumi da yara ke kunnawa da kansu, da tokar da ake kwashewa a zubar a bola da sauran garwashi a cikinta. Idan tartsatsi guda ya tashi a daren da iska ke kaɗawa, kafin maƙwabta su farka wuta ta haye gida biyu ko uku. Motar kashe gobara tana birni, kuma ko an kira ta, nisa da halin hanya ba za su bari ta iso kafin a gama ba. Rijiyar unguwa kuwa guga ɗaya-ɗaya take bayarwa. Wanda rumbunsa ya ƙone a Janairu ba shi da wani girbi sai Oktoba, kuma abin da zai ci da irin da zai shuka duk sai ya nema a hannun mutane.

Wutar da ke tasowa daga daji ta fi wannan muni, kuma ita ce ta fi ba ni haushi, domin da gangan ake sa ta. Samari masu farautar gafiya da zomo suna cinna wa ciyayi wuta don su kori nama, su kama abin da bai kai kuɗin mudun wake biyu ba, su bar wutar tana tafiya inda iska ta kai ta. Wasu makiyaya suna ƙonawa don sabon tsiro ya fito wa shanu, wasu manoma kuma don su rage wa kansu wahalar sharar gona. A hanya wutar tana cinye dawar da aka yanke ba a kwashe ba, ta kashe ƙananan itatuwan ɗorawa da kaɗanya da mangwaro da suka ɗauki shekaru suna tasowa, ta ƙone ciyawar jinka da mutane ke jira su yanka. Ko gonar da mai ita ya ƙone da hannunsa ba ta tsira ba, saboda ganye da karan da ya kamata su ruɓe su koma ƙasa sun tashi a hayaƙi, sinadarin naitirojin da ke cikinsu, wanda shuka ke buƙata don ta girma, ya bi iska, an bar ƙasa tsirara. Masana aikin gona na Samaru da ke Zariya sun daɗe suna bayanin wannan, amma mutumin da ya ƙone gonarsa a rani shi ne zai zo yana kukan tsadar takin zamani da damina, bai haɗa abu biyun ba.

Akwai kuma wutar cikin ɗaki. Idan sanyi ya tsananta, akan shigar da kaskon gawayi ɗaki a toshe ƙofa da taga, musamman inda akwai mai jego da jariri ko tsoho marar lafiya. Gawayin da ke ci a rufaffen wuri yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da kasala, kuma mai barci yana iya wucewa bai farka ba. Sau da yawa idan haka ta faru sai a ce iskokai ne ko sammu, a bar kaskon yana nan inda yake. Hayaƙin itace da ƙura kuma suna taruwa a ƙirjin yara, kuma iyaye mata da yawa ba a taɓa gaya musu ba cewa yaron da ke numfashi da sauri, ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki, ya wuce mura, asibiti ya kamata a kai shi a ranar.

Ba zan bar maganar kaji ba, ko da wasu za su ga ƙaramar magana ce. A karkara kaza ita ce ajiyar mace: da ita take sayen sabulu da magani da littafin yaro, da ita ake karɓar baƙo. Kowace shekara da hunturu annobar da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil tana bi gida-gida, kaji su riƙa gyangyaɗi da koren zawo da murɗewar wuya, cikin mako guda akurki ya zama fanko. Mata sukan jiƙa barkono ko sassaƙen maɗaci a ruwan shansu, amma cutar ƙwayar bairos ce, ba ta jin wannan. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin rigakafinta, har da nau'in da ke jure zafi wanda ake ɗigawa a idon kaza, kuma ba ya buƙatar likita kafin a yi shi. Abin da ya rage shi ne ya isa ƙauye kafin sanyi ya shigo, a samu mutum ɗaya ko biyu a kowace unguwa da aka koya wa yadda ake yi.

Saboda haka roƙona ga wannan jarida da gidajen rediyon jihar shi ne su fara maganar hunturu tun Oktoba, lokacin da ake girbi, kuma su yi ta da manomi a zuciya. A gaya wa mutane su share ciyayi su bar fili a kewayen gidaje da rumbuna da gonakin rake, su nisanta harawa da kara daga madafa, su kashe toka da ruwa kafin a zubar, su ajiye tulun ruwa da tarin yashi kusa da rumbu. Dagatai da masu unguwanni suna da ikon da babu wata takarda daga birni da ke da shi: za su iya tara mafarauta da ardo-ardo da manoma su tsayar da ranar da ba a yarda kowa ya sa wa daji wuta ba kafin ta, kuma su tsayar da abin da zai hau kan wanda ya saɓa. Limamai su saka maganar a huɗubar Juma'a, tunda barnatar da abincin maƙwabci ba ƙaramin abu ba ne a addini. Ƙananan hukumomi 23 na jihar nan kowace tana da sashen aikin gona, kuma ina roƙonsu da su tura malaman gona da masu rigakafin kaji zagayen kasuwannin ƙauye a watan Nuwamba, domin a ranar kasuwa ake samun mutanen ƙauyuka da yawa a wuri guda.

Na gode da ba ni wannan dama. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naka,
Wani manomi kuma mai karatu,
daga ƙaramar hukumar Soba, jihar Kaduna.