Zuwa ga Babana, kan wannan tafiya ta Cape Town

Assalamu alaikum Babana, da fatan ka tashi lafiya.

Na ce bari in rubuto maka ne don a waya da na ɗauko maganar sai ka ce Baba ai shekara ɗaya ce kawai, ni kuma raina ya ɓaci mu rabu ba a gama ba. Kuma ka sani ban ji daɗi ba, a ce takardar gurbin karatun ilimin sararin samaniya ta zo daga Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu, Yayarka ta sani, Gwaggonka ta sani, har a majalisa ana tambayata wai da gaske ne ɗanka zai tafi koyon duba, ni ne na ƙarshen ji. Su na ba su amsarsu, ni da na koyar da lissafi har na yi ritaya ba za a zo a ruɗa ni da wannan ba.

Karatun kansa ba ni da ja a kansa. Na karanta takardun da ka turo wa Yayarka kaf. A can digiri shekara 3 ne, ta huɗun ita ce wannan shekarar ƙarin da za ka yi da suke kira onas, wato kai da ka yi 4 a nan kan fiziks ka gama bautar ƙasa za ka koma ka zauna da waɗanda suka yi 3, to ba komai, tunda ilimin sararin samaniyan ba a ba ku shi sosai a nan ba. Shirin nasu na koyar da ilimin taurari da sararin samaniya, NASSP, tun 2003 suke yinsa, ana farawa Fabrairu a gama wajen Nuwamba, ga darussa ga kuma bincike da malami zai ɗora ka a kai ka rubuta ka kare a gabansu. Kayan aiki kuwa wallahi ba a magana. Na ga hoton SALT, babban madubin hangen taurarin da ke garin Sutherland, madubi 91 aka jera suka zama ɗaya mai faɗin wajen mita 11, ga MeerKAT da suka buɗe a 2018 faranti 64 a jejin Karoo suna sauraron sama, ga SKA, gagarumar na'urar sauraron sama da aka fara ginawa a 2022 su da Ostiraliya. Wanda na nuna wa Kaza da 'ya'yanta yana ɗan ƙaramin yaro in ya ga wannan dole hankalinsa ya tashi, na sani.

Ummanka tsoronta abin da aka yi wa baƙi a 2019 har aka kwaso 'yan Najeriya a jirgi, da sanyin watan Yuni, da abin da za ka ci. Na ce mata garin akwai Musulmi tun fil azal, masallacin Auwal na unguwar Bo-Kaap tun 1794 yake, halal ba za ta gagare ka ba, sauran kuma Allah ne mai tsarewa.

Ni abin da ke hana ni barci daban ne Babana, kada ka tafi kenan. Ita wannan shekarar ba a yinta don a tsaya a nan, ana yinta ne don a tantance wanda za a ɗauka mastas, kuma na san ka, za ka ci, malamin zai ce ka tsaya ka ƙarasa binciken da ka fara, shekara 2, daga nan dakta shekara 3 ko 4, daga nan a ce akwai gurbin bincike a Holan ko Jamus. In ka gama ka waiwayo gida me za ka tarar? Ƙasashen Afirka 8 da ke cikin haɗin gwiwar SKA akwai Ghana akwai Kenya akwai Zambiya, babu Najeriya. Ghana ma sun gyara tsohon farantin sadarwa na Kuntunse ya koma na kallon sama tun 2017. Mu sai hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, da cibiyarta ta Nsukka, mutum nawa za su ɗauka? Sai ka ce Baba babu aikina a gida, kuma gaskiya za ka faɗa, shi ne abin da ya fi ci min rai, ba zan iya ce maka ƙarya kake ba. Da haka muka fara, kuturu ya ga mai ƙyasfi. Baffanka ma kwas na wata tara ya tafi. Kai ka ga yadda Hajiya ta ƙare tana tambaya, kuma ka san wa ya tsaya a kanta, ba sai na faɗa ba.

Kuma kar ka sake ce min ni na hana ka abu. Lokacin da kowa ya dage sai likitanci wa ya tsaya maka? Gonar bakin rafi don karatun wa ta tafi? Ban taɓa yi maka gori ba yanzu ma ba gori nake ba, amma ɗan fari ne kai, ƙannenka na kallonka, kuma ɓoye min takardar nan da ka yi ya nuna kai ma ka san ba maganar shekara ɗaya ba ce. Wannan ba tarbiyyar da na ba ka ba ce.

To shikenan, na yafe maka, ka je Allah ya yi maka albarka ya buɗa maka ƙwaƙwalwa. Sharaɗina biyu. Kafin ka sa hannu a takardar mastas ko wace iri ce ka dawo gida tukuna mu zauna ido da ido, ba ta waya ba. Sannan wajen zaɓen bincike ka tambayi malamin wanda ake yi da bayanai a kwamfuta, wanda ko daga Kano mutum zai iya ci gaba da shi in akwai intanet, na ji an ce yanzu yawancin aikin haka yake.

Ka turo min lissafin kuɗin biza da inshorar lafiya da na jirgi, da abin da tallafin ya ɗauke da wanda bai ɗauke ba, a rubuce, kafin Juma'a. Kuma ka kira Gwaggonka ka ba ta haƙuri, ita ma na yi mata faɗa saboda kai.

Mahaifinka.