Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Jihar Maradi kan duwatsun da ke giftawa kusa da duniya

Mai girma Gwamna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu malaman kimiyya ne da ke koyarwa a wannan jiha, kuma mun zo da roƙo mai arha: takarda ɗaya da za ta faɗi wa ake kira, me ake gaya wa jama'a, da me ake yi da dutsen da ya faɗo daga sama, a ranar da wuta ta keta sararin Maradi ta bar ƙara a baya.

Ranka ya daɗe, ba a cika mako ba tare da saƙo ya zagaya WhatsApp cewa an gano wani dutse da zai gifta kusa da duniya ba. Yawancin saƙonnin suna da tushe, amma a karkace suke isowa. Duwatsun da aka sani suna kusantar hanyar duniya sun haura 35,000, kuma kullum ana ƙara gano wasu, ba don sun ƙaru ba, sai don na'urorin hangen nesa sun ƙaru. Masana suna sa dutse a jerin masu iya zama haɗari ne idan faɗinsa ya kai mita 140, kuma hanyarsa na iya kawo shi cikin kilomita miliyan 7.5 daga tamu. Wata kuwa yana da nisan kilomita 384,400 daga nan. Ke nan dutsen da labari ya kira mai haɗari yana iya wucewa a nisan da ya ninka na wata kusan sau 20. Duk jami'in da aka kawo wa irin wannan saƙo, tambaya uku ta ishe shi: mita nawa ne, kilomita nawa zai bari tsakaninmu da shi, wace rana. Saƙon da ba ya ɗauke da waɗannan bai cancanci a karanta shi a rediyo ba.

Akwai wani abu da ke ruɗa har masu ilimi, kuma dutsen da ake kira 2024 YR4 ya nuna shi sarai. An gano shi ranar 27 ga Disamba 2024 daga ƙasar Chile. Lissafin farko ya ce akwai yiwuwar ya bugi duniya ranar 22 ga Disamba 2032, kuma layin da zai iya faɗawa ya ratsa Afirka ta Yamma. Yiwuwar ta yi ta hawa har ta kai kashi 3.1 cikin ɗari ranar 18 ga Fabrairu 2025, sannan cikin mako guda ta zube ta koma kusan sifili. Wasu suka ce masanan ba su san abin da suke yi ba. Sun sani. Abin kamar mai cigiyar akuya ne da aka ce masa tana tsakanin Tsibiri da Madarumfa: duk gidan da ke tsakani yana da ɗan rabo na zato. Shaidu na ƙaruwa, filin cigiya na tsukewa, rabon gidajen da suka rage a ciki na girma, har ranar da iyakar filin ta wuce gidanka, rabonka ya zama babu. Hawan lambar a makonnin farko alamar ana tattara awo ne. Dutsen yana da faɗin mita 60 ko kusa da haka, wanda ya isa ya rusa birni, shi ya sa aka sa masa ido. Amma wanda ya sayar da gonarsa a watan Fabrairun nan saboda tsoro, da ya yi asarar banza.

Mu abin da ya fi damun mu shi ne ƙaramin dutsen da ba ya zuwa da sanarwa. Ranar 15 ga Fabrairu 2013, da safe, wani mai faɗin mita 20 ko ƙasa da haka kaɗan ya shigo iskar duniya a kan birnin Chelyabinsk na Rasha da gudun kilomita 19 a daƙiƙa. Ba wanda ya gan shi tafe, domin ya fito ne daga ɓangaren rana, inda na'urorin hangen dare ba sa iya dubawa. Bai taɓa ƙasa a dunƙule ba, ya tarwatse a sama, nisan kilomita 30. Duk da haka mutum kusan 1,500 sun nemi magani, gine-gine sama da 7,000 sun lalace. Dutsen da kansa bai sami kowa ba. Haske ya zo, mutane suka ruga tagogi su ga mene ne, sai bayan minti biyu zuwa uku bugun iska ya iso ya watsa musu gilashi a fuska.

Wannan tazara tsakanin haske da ƙara ita ce darasin da ya fi kowane amfani, kuma yaro ɗan firamare zai riƙe shi. Haske yana isowa nan take, sauti kuwa yana cin daƙiƙa uku kafin ya yi kilomita ɗaya. Fashewar da ta auku kilomita 30 a saman kai tana buƙatar minti ɗaya da rabi kafin a ji ta, ta gefe kuma ta fi haka jinkiri. Don haka in aka ga haske mai kashe ido a sama ba tare da hadari ba, kada a zuba masa ido, kada a je taga ko ƙofar gilashi. A matsa daga tsohuwar katanga da rumfar kwanon da ba ta da ƙarfi, wanda ke ɗaki ya duƙa ƙarƙashin tebur ko gefen bango mai ƙwari ya rufe kansa, a kuma jira minti biyar cikakku. A garuruwanmu, inda ajujuwa da yawa tagar ƙarfe gare su ba gilashi ba, mun fi jin tsoron turmutsitsi: babbar kasuwa ranar cinkoso, masallacin Juma'a, makaranta mai ƙofa ɗaya. Gudu a nan shi zai karya ƙafa, ba dutse ba.

Sannan, ranka ya daɗe, ka fi mu sanin halin da ƙauyukan iyaka suke ciki wajen Madarumfa da Gidan Rumji. Ƙarar da ta girgiza kwano da tsakar dare a can, ba wanda zai fara tunanin dutsen sama. Za a ce hari ne, ko jirgi, ko bam, kuma kafin gari ya waye wani ya riga ya naɗi murya ya tura. Alamomin rarrabewa suna da sauƙi in an koya wa jandarma da masu gari: haske ɗaya da aka gani lokaci guda daga garuruwa masu nisa da juna, kamar Dakwaro da Tasawa, tafiyarsa ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi ba, ya bar layin hayaƙi can sama, ƙara ta biyo a makare tana rugugi. In kuwa hasken yana tafe a hankali, ya ɗauki rabin minti ko fiye, yana rarrabuwa gida-gida a jere, to galibi tarkacen roka ne ko tauraron ɗan Adam. Wannan bambanci yana da muhimmanci domin dutsen sama ba shi da guba, ba ya kuma fitar da wani tururi mai cutarwa, amma tankin roka yana iya ɗauke da sauran mai mai guba. A ƙarshen Disamba 2024 wani zoben ƙarfe mai nauyin kusan rabin tan ya faɗo a ƙauyen Mukuku na Kenya. Duk abin da ya faɗo da siffar ƙira, da ƙusa ko bututu ko walda, a kewaye shi da igiya, a kori yara da dabbobi, a kira 18, lambar 'yan kwana-kwana.

Kada a ce wannan labarin Rasha ne. Ranar 3 ga Oktoba 1962 dutse mai kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a gonarsa a Zagami, cikin ƙasar Katsina, daga baya bincike ya nuna ɓallin duniyar Mars ne. Ranar 21 ga Agusta 1991 wani mai kilo 110 ya faɗo a Tazarzait cikin jihar Tawa. A Yuli 2002 na Kilabo ya faɗo wajen Haɗeja. Sannan ga dutsen da ake kira NWA 16788, mai kusan kilo 25, da aka tsinta a jihar Agadas a Nuwamba 2023, aka yi gwanjonsa a New York a Yuli 2025 kan dala miliyan 5 da ɗoriya, har gwamnati ta buɗe bincike kan yadda ya fita ƙasa ta kuma dakatar da fitar da irinsa. Tun daga wannan labari, duk baƙin dutse a daji ya zama abin zato, kuma dillali zai riga malami isa wurin in ba a shirya ba.

Sudan ta nuna yadda ake yi. A Oktoba 2008 aka hango dutsen 2008 TC3, mai faɗin mita 4, ƙasa da kwana ɗaya kafin ya shigo, kuma shi ne na farko da aka taɓa gani kafin faɗuwarsa. Ya tarwatse da asuba a kan hamadar arewacin ƙasar. Malamai da ɗaliban Jami'ar Khartoum suka jera sahu suka taka hamadar da ƙafa, suka tattara gutsattsari wajen 600, jimlar nauyinsu kilo 10 da rabi. Ba su yi amfani da wata na'ura mai tsada ba: mota, ruwan sha, littafi, da na'urar nuna matsayi. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tana da tsangayar kimiyya da fasaha da ɗaliban da za su iya wannan aiki, in dai akwai umarnin da ya ce a kira su.

Aikin tattarawa yana da ƙa'ida, kuma kurakuransa sanannu ne. Kafin a ɗaga dutse a ɗauki hotonsa a inda yake, da biro ko kwabo a gefe don a san girma, a ɗauki lambobin wurin da salula, a rubuta rana da awa. A ɗauka da leda mai tsabta ko takardar alminiyom, ba da hannu mai gumi ba, kowane gutsure a ledarsa da lambarsa. Kada a wanke shi, domin yawancinsu suna da ƙwayoyin ƙarfe a ciki kuma ruwa tsatsa yake sa su. Kada a shafa masa mai don ya yi sheƙi, kada a fasa shi da guduma a raba wa 'yan uwa. Maganaɗisu ma, da kowa ke gaggawar mannawa, yana goge wani tarihin da masu bincike ke karantawa a jikin dutsen. In dole ne a gwada, a gwada a ƙaramin gutsure ɗaya. Na gaske sabon faɗowa yana da ɓawo baƙi siriri, bai fi milimita ɗaya ba, cikinsa sau da yawa toka-toka ne, kuma ya fi dutsen gari na girmansa nauyi. Abubuwa biyu ne suka fi yaudarar mutane a ƙasarmu: marmara, da kashin maƙera na tsoffin wuraren narkar da tama. Mai ramukan kumfa a jiki kusan kullum kashin maƙera ne. Gutsattsarin suna zubewa ne a dogon fili da ya bi hanyar da dutsen ya bi, ƙanana a baya, manya a gaba, don haka shaidar mutum goma daga ƙauyuka daban-daban, kowa ya nuna da hannu inda hasken ya ɓullo da inda ya mutu, ta fi kowace taswira amfani. Lokaci ma yana da nasa: in damina ta sauka, ruwa da huɗa za su binne abin da ya rage cikin 'yan makonni.

Manomin da abin ya faɗo a gonarsa kuwa a ba shi rasit mai hatimi da nauyin abin da ya miƙa, a kuma tanadi lada bayyananniya. Wanda ya ga an karɓe na maƙwabcinsa hannu banza, nasa a rumbu zai ɓoye shi.

Abin da muke roƙo bai wuce ikon ofishinka ba. A naɗa jami'i ɗaya a hukumar kare farar hula ta jiha, da malami ɗaya a jami'a, su riƙa duba sanarwar IAWN, cibiyar gargaɗin da aka kafa bisa shawarar Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ke fitar da sanarwa idan dutsen da ya wuce mita 10 ya haura kashi 1 cikin ɗari na yiwuwar faɗowa. Su biyun su ne bakin jiha a wannan magana. A rubuta saƙon rediyo na minti ɗaya da Hausa, Fulatanci da Tamashek tun yanzu, a naɗe shi, a ajiye a gidajen rediyon gari da na karkara, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Takardar ta bi hanyar da sauran umarni ke bi, daga perefe zuwa magadan gari, ta kuma bi ta fadar Sarkin Katsinan Maradi da ta Sarkin Gobir a Tsibiri zuwa hakimai da masu gari, ta isa hannun limamai.

Akwai kuma ranar da aka riga aka sani. Juma'a 13 ga Afrilu 2029, dutsen Apophis mai faɗin wajen mita 340 zai wuce kilomita 32,000 kacal daga doron ƙasa, ƙasa da tsayin taurarin ɗan Adam da ke kawo mana talabijin. Awon da aka yi masa da rada a Maris 2021 ya tabbatar ba zai bugi duniya ba, a wannan karo ko cikin shekaru 100 masu zuwa. Ba zai kawo girgizar ƙasa ba, ba zai taɓa damina ba. Zai fi kusantowa wajen ƙarfe 11 saura kwata na dare agogon Nijar, a daren da babu farin wata, kuma Afirka na cikin inda za a gan shi da ido in hazo bai rufe ba: ɗigon haske kamar matsakaicin tauraro, ba wutsiya, yana tafiya a hankali tsakanin sauran. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2029 don wayar da kai kan wannan batu. Muna ba da shawara a fara da ranar 30 ga Yuni, ranar duwatsun sama ta duniya, da atisayen minti goma a makarantun babban birnin jiha da na Tasawa, Mayahi da Dakwaro, a kuma sa bayanin Apophis cikin darasin kimiyya na koleji da lise tun shekarar karatun da ta gabaci 2029.

Allah ya taya ka riƙo.

Wasu malaman kimiyya,
Maradi